Hanyar wankin ƙoda tana sake tsukewa, ya kamata a gaya wa majinyata tun farko

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in yi magana a kan wata damuwa ta masu wankin ƙoda a arewacin Kamaru, wadda ban san da ita ba sai da ta shigo gidanmu. Yayana ya shiga shekara ta uku yana wanki sau biyu a mako, awa huɗu kowane zama, kuma ni nake kai shi ina dawo da shi.

Mashin ɗin wanki yana buƙatar jini mai gudu da ƙarfi, abin da jijiyar hannu ta yau da kullum ba za ta iya bayarwa ba. Saboda haka likita yakan haɗa jijiyar da ke kawo jini daga zuciya da wadda ke mayar da shi, galibi a wuyan hannu ko a gwiwar hannu, a jira mako shida ko fiye har ta yi kauri ta iya ɗaukar allura. Likitocin da suka fito da wannan dabara, Brescia da Cimino da abokan aikinsu, sun bayyana ta a Amurka a 1966. A asibiti ana kiranta fistula, kuma ina so masu karatu su gane cewa ba ta da alaƙa da ciwon yoyon fitsari na mata, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Ita jijiyar da ke mayar da jini Allah ya halicce ta da siririn bango, domin jini mai tafiya a hankali. Da zarar an sako mata jini mai ƙarfi yana juyi a cikinta dare da rana, ga huda allura mako bayan mako, sai bangonta na ciki ya fara tara tsoka kamar yadda tabo ke tasowa a kan rauni, har hanyar ta tsuke. Abin da ya sami yayana ke nan. Mun yi tafiya mai nisa zuwa kudu, mota zuwa Ngawundare sannan jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, aka zura masa siririn bututu mai balan-balan a bakinsa, aka hura shi a wurin da ya tsuke har ya buɗe. Mun dawo Garwa muna murna cewa an gama. Ba a yi wata bakwai ba hannun ya fara kumbura, jini kuma ya daina tsayawa da wuri bayan cire allura.

A gida aka yi ta zargi. Wasu suka ce likitan bai iya aiki ba, wasu suka ce yayana ne ya karya dokar likita, har akwai wanda ya kawo maganar sammu. Daga baya na fahimci cewa balan-balan ɗin da ke buɗe jijiyar yana yin haka ne ta hanyar tsaga bangonta kaɗan, jiki kuma yana warkar da tsagar da sabuwar tsoka, ga shi dalilin farko, wato ƙarfin jinin, yana nan bai tafi ko'ina ba. Kimanin rabin waɗanda aka buɗe wa ta wannan hanya, ko ma fiye, suna sake buƙatar gyara kafin shekara ta zagayo, har a ƙasashen da suka fi mu kayan aiki. Can suna gwada balan-balan mai shafaffen magani da ke rage tarin tsokar, da wata raga da ake dasawa ta riƙe bangon, kuma duk da haka tsukewar tana dawowa ga mutane da yawa. Da an zaunar da mu an gaya mana wannan ranar da aka sallame mu, da mun sa ido, da kuma ba a ɗauki alhakin likita ba.

Alamun ba su buƙatar karatun boko. Lafiyayyar fistula tana da wata 'yar rawa a ƙarƙashin fata da yatsa ke ji ba yankewa. Idan rawar ta yi rauni, ko ta koma bugu mai ƙarfi kamar ganga, akwai matsala. Idan majinyaci ya ɗaga hannu sama da kansa, jijiyar takan lafa ta yi laushi, in kuwa ta tsaya a cike to akwai wurin da ya tsuke a gabanta. Jinin da ya wuce minti ashirin bai tsaya ba, kumburin hannu ko gefen wuya, mashin da ke yawan ƙara, da wahalar samun wurin allura, duk kira ne a duba tun kafin jini ya daskare a ciki. In ya daskare sau da yawa hanyar takan mutu, sai a koma ga bututun da ake zurawa a jijiyar wuya, wanda shi ne ƙofar ƙwayoyin cuta zuwa jini, kuma shi kansa yana tsuke manyan jijiyoyin ƙirji, ya ɓata wurin da za a yi sabuwar fistula nan gaba. Jijiyoyin da za a iya aiki da su a jikin mutum ƙididdigaggu ne, shi ya sa nake jin zafin kowace ɗaya da aka rasa saboda jinkiri.

Na yaba da tsarin kula da lafiya na bai ɗaya da gwamnati ta ƙaddamar a 2023, wanda ya mayar da kuɗin wanki sefa 15,000 a shekara maimakon 5,000 a kowane zama. Iyalai da yawa sun numfasa. Sai dai wankin ba ya yiwuwa sai hanyar tana raye. Roƙona ga hukumomin lafiya shi ne a horar da ma'aikatan ɗakunan wanki su riƙa taɓa fistula suna saurarenta kafin kowane zama, su kuma riƙa sauya wurin allura a tsawon jijiyar, a samar da hoton jijiya ga duk wanda aka ga alama a jikinsa, sannan a riƙa turo likitan jijiyoyi zuwa Garwa da Marwa a kan lokaci sananne, domin mai wanki sau biyu a mako ba shi da kwanakin da zai ɓatar a hanyar Yawunde. Su kuma 'yan'uwana masu jinya, kada su bari a gwada hawan jini ko a ɗebi jini a wannan hannun, kada majinyaci ya kwanta a kansa ko ya ɗaura masa agogo mai matsewa, kuma a zafin Maris da Afrilu, lokacin da jini ke saurin sauka, a taɓa hannun safe da yamma.

Wassalam.

Wani mai jinyar ɗan'uwansa,
Garwa, Kamaru