Wasiƙa zuwa ga ɗana a Tanut

Ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, na sa ƙanwarka ta rubuta maka wannan takarda daga nan Birni saboda maganar da ta iso kunnena, wai ka ce wa abokanka matarka Hadiza ta sangarce tun da ta haihu, kuma idan ba ta gyara ba za ka mayar da ita gidansu. Ban yi barci ba a daren da na ji.

Wata uku ke nan tun da ta gama wankan jego, kuma ni nake ganinta kullum, kai kuwa sai ƙarshen wata. Ranar Alhamis na dawo daga kasuwar Dole na tarar da ita zaune a bakin gado, yaron yana kuka a gefenta, tuwon da na bar mata tun safe ya bushe a kwano, ta zuba wa bango ido. Da na taɓa kafaɗarta sai ta zabura, hannunta yana rawa, ta ce gabanta ke faɗuwa, numfashi yana yi mata wuya, kuma ba ta san dalili ba. Ni ma da farko na ce lalaci ne, har na yi mata faɗa, domin a zamaninmu haka aka koya mana, amma na kai ta babban asibiti, likita ya ce ciwon damuwa ne tare da fargaba, kuma yakan kama fiye da mace ɗaya cikin goma bayan haihuwa. Ya rubuta magani, ya ce sai an yi makonni ana sha kafin a ga sauƙi, kuma kada a daina shi farat ɗaya.

Kada ka ƙara ce mata imaninta ne ya yi rauni. Annabi Yaƙuba ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, kuma babu wanda ya isa ya taɓa imaninsa. Muna yi mata addu'a, muna ba ta magani.

Abin da ke cin raina shi ne kalmar da ta faɗa mini, cewa da babu ita da kowa ya huta. Ka san abin da ya sami gwaggonka, ka san shekarun da na yi ina tuhumar kaina. A ranar na kwashe maganin ɓera da na ƙwari daga ɗakinta, kuma ba na barinta ta kwana ita kaɗai. A wannan hali kake maganar saki? Ban haife ka don ka gudu daga mara lafiya ba, kuma idan ka aiko da takarda, to ni ka saki.

Na san kai ma ka gaji, albashi ba ya isa, ka dawo gida ba ka samun fuska. Ka riƙa kiranta kowane dare, ka saurare ta ko da shiru ta yi, ban da wa'azi, ban da kwatanta ta da matan wasu. Idan ka zo, ka ɗauki nauyin yaron da dare ta samu barci. Ranar Litinin za mu koma wurin likita, kuma ya ce yana son ganin mijinta. Ka nemi izini a makaranta, ka shigo motar Lahadi. Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka