A daina jan mutanen Maya cikin gardamar siffar duniya

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu in tofa albarkacin bakina kan gardamar da ta sake kunno kai tsakanin matasanmu, wai shin duniya a shimfiɗe take ko a mulmule. Na koyar da labarin ƙasa a sakandare har na yi ritaya, don haka gardamar ba baƙuwata ba ce. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda kowane ɓangare ya koma kafa shaida da mutanen Maya. Masu cewa a shimfiɗe take suna cewa ai Maya sun iya lissafin husufi alhali sun ɗauki duniya a shimfiɗe, ashe ke nan haka take. Abokan gardamarsu kuma, don kada a kayar da su, sai su ce a'a, Maya sun san a mulmule take. Duka biyun ba su yi wa mutanen nan adalci ba.

Maya dai mutanen kudancin Meksiko ne da Gwatamala da Beliz, kuma jikokinsu suna nan har gobe suna magana da harsunansu. Littattafai suke rubutawa a kan takardar ɓawon itace, a naɗe ta ninki-ninki. A 1562 wani limamin Kirista ɗan Sifen, Diego de Landa, ya tara littattafansu a garin Mani ya cinna musu wuta. Guda huɗu kacal suka rage a duniya yau. Mafi daraja a cikinsu wajen ilimin taurari yana ajiye a birnin Dresden na Jamus tun 1739, kuma wani ma'aikacin ɗakin karatun, Ernst Förstemann, shi ya warware lissafinsa a ƙarshen ƙarni na 19.

Duk wanda ya duba shafukan tauraruwar Zara a littafin nan sai ya sara wa mutanen. Da ɗigo suke rubuta ɗaya, da sanda biyar, da hoton bawon dodon koɗi sifili, kuma ashirin-ashirin suke ƙidaya. Da waɗannan alamu uku suka rubuta cewa Zara tana kwana 236 tana fitowa da asuba, ta ɓace kwana 90, ta dawo ta yi 250 da magariba, ta sake ɓacewa kwana 8. Jimla 584. Masana yau suna cewa 583.92. Sun kuma lura cewa zagaye biyar na Zara, kwana 2,920 ke nan, daidai yake da shekara takwas mai kwana 365. Ɗan ɓurɓushin kuskuren da ke taruwa ma sun san da shi, har suka tanadi yadda za a riƙa rage kwanaki don lissafi ya koma kan hanya. Duk wannan da ido ƙuru-ƙuru, ba tabarau ba agogo, sai haƙurin kaka ya rubuta jika ya ɗora.

To amma yaya suka ɗauki duniyar? A nan gaskiya tana wajen masu shimfiɗa, kuma babu amfanin ɓoyewa. A zane-zanen Maya ƙasa fili ce mai kusurwa huɗu, wani lokaci bayan kada ko kunkuru da ke yawo kan ruwa. Gabas ja, arewa fari, yamma baƙi, kudu rawaya, ga babban rimi a tsakiya, sama hawa 13. In har za a kafa hujja da su, sai a ɗauka har da batun kada da kunkurun. Ban ji wani cikin masu gardamar ya yarda da haka ba.

Inda aka yi tuntuɓe shi ne zaton cewa sai ka san siffar abu kafin ka san lokacinsa. Mai sayar da abinci a bakin tasha ta san sa'ar da jirgin ƙasa ke isowa ko da ba ta taɓa leƙa injinsa ba. Jadawalin husufi na littafin Dresden irin wannan ne. Ya ƙunshi wata 405, kimanin shekara 33, an yanka shi gunduwa-gunduwa, yawanci kwana 177, jefi-jefi 148. A ƙarshen kowace gunduwa ana iya samun husufi. Ranakun zama cikin shiri ne kawai. Da yawa daga husufin ranar da suka faɗa a kan waɗannan ranaku can wata uwa duniya suka auku, mutumin Maya ya ɗaga kai bai ga komai ba. Jadawalin bai iya gaya masa wane gari inuwa za ta rufe ba, domin wannan sai an san girman duniya da lanƙwasarta da nisan wata.

Mu nan mun ga bambancin. Ranar Laraba 29 ga Maris 2006, tun kafin ranar da shekaru aka zana hanyar da inuwar wata za ta bi, daga Ghana zuwa Togo da Benin da Najeriya da Nijar, ta haye Libiya ta isa Turkiyya, aka faɗi sa'a da minti. Haka kuwa aka yi, hantsi ya koma magariba a garuruwan da aka ambata, na gefe suka ga rabi. Da duniya mulmulalliya aka yi wannan lissafi. Kuma ga masu tsoron abin na Turawa ne, tun zamanin Halifa Ma'amun, wajen shekara ta 830, malaman Bagadaza suka fita sahara suka auna kewayen duniya, masanin nan Albiruni ma ya auna daga baya.

Akwai wani husufin yana tafe ranar 2 ga Agusta 2027. An riga an fitar da taswirarsa: zai bi ta Maroko da Aljeriya da Libiya, ya yi sama da minti shida a kusa da Luksor ta Masar, ya rufe Jidda da Makka da rana tsaka. Ina roƙon 'yan'uwana masu shimfiɗa su zana tasu taswirar daga tasu duniyar, da garuruwa da mintoci, su aiko wa Edita kafin ranar.

Naka,
Tsohon malamin labarin ƙasa, Zariya