Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ƙaramar Ministar Ilimi Kan Yadda Ake Zaƙulo Yara Masu Baiwa

Mai girma Farfesa Suwaiba Sa'id Ahmad,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya dafa miki a kan nauyin da aka ɗora miki.

Ni malamin firamare ne a wata makarantar gwamnati ta karkara a nan Arewa. Abin da ya sa na rubuto shi ne jarrabawar da hukumar NECO ke shiryawa kowace shekara domin zaɓen yaran da za su shiga makarantar masu baiwa ta Gwamnatin Tarayya da ke Suleja. Ke na zaɓa in yi wa magana saboda malama ce ke tun kafin minista. Kin koyar a Jami'ar Bayero, kin shugabanci Kwalejin Ilimi ta Gumel, kin ga irin malaman da ake yayewa da irin azuzuwan da ake tura su. Ba sai an yi miki dogon bayani ba.

Makarantar Suleja abu ne mai kyau. Tun zamanin da Farfesa Jibril Aminu yake ministan ilimi aka fara tsara yadda ƙasa za ta kula da haziƙan yara, a 1990 kuma aka buɗe ta, yaro ya yi karatu da kwana da ci a aljihun gwamnati. Damuwata tana kan ƙofar shiga. Jarrabawar nan zama take tana jiran yaro ya same ta, wanda kuwa ke samunta shi ne wanda aka riga aka share wa hanya. Sai mahaifinsa ya ji labarin akwai ta. Sai ya je shagon intanet ya cike fom, ya biya kuɗi, ya nemi na mota zuwa cibiyar jarrabawa, wadda galibi a birni take. In an tsallake duk wannan, sai yaron ya zauna gaban takarda da aka rubuta da Turanci daga farko har ƙarshe. Ɗan makarantar kuɗi da ke zuwa lesin da yamma, an yi wata da watanni ana bitar tsofaffin tambayoyi da shi. Ɗan ajinmu kuwa ranar ce farkon ganinsa da takardar da ake cike gurbi da fensir, in ma ya samu zuwa.

Ma'aikatarku ta san girman wannan giɓi. A 2018, lokacin rajistar jarrabawar shiga makarantun haɗin kan ƙasa, ita ta fito ta ce yara 28 kacal suka yi rajista daga Zamfara, alhali Legas tana da sama da dubu 24. Wannan fa jarrabawar da kowa ya sani ce. Ina ga ta masu baiwa, wadda hedimastoci da yawa a ƙauye ba su taɓa ganin takardar sanarwarta ba? Abin ya zama kamar manomin da ke zaɓen iri daga bakin gona kawai, inda taki ya fi zuba, ya ce sauran gonar ba ta da zangarniyar kirki.

Na taɓa koyar da wani yaro a aji biyar, mahaifinsa ɗan hatsi ne a kasuwar mako. Ranar kasuwa shi ke tsaye gefen buhu. Ka faɗa masa kuɗin da aka sari buhun gero, ka ce kwano arba'in ne a ciki, ka ƙara kuɗin dako da na mota da ladan dillali, kafin ka gama gyara hula ya gaya maka nawa za a sayar da kwano a fita, nawa kuma za a ci riba. Ba biro, ba takarda. A aji kuwa in na rubuta irin wannan lissafi da Turanci a allo, sai ya zuba ido yana motsa leɓe, yana kokawa da kalmomin. Da na juya masa tambayar da Hausa, hannunsa ne farkon ɗagawa. Wata rana na zana jerin siffofi, da'ira da murabba'i da ɗige-ɗige masu ƙaruwa bisa wani tsari, na bar gurbin ƙarshe. Ya cike, sannan ya ce, "Malam, in an ci gaba, na goma zai zama kaza," kuma haka ne. Yanzu yana kasuwa. Kasuwa ba abin kunya ba ce, ita ta riƙe iyayenmu. Abin da ke cin raina shi ne babu wanda ya taɓa ba shi zaɓi, kuma a takardun gwamnati babu inda aka san an yi yaro irinsa.

Ranki ya daɗe, kin fi ni sanin tarihin gwajin ƙwaƙwalwa, amma ina so masu karanta wannan wasiƙa su ji shi. Alfred Binet da Theodore Simon sun fito da gwajinsu a Faransa a 1905 domin a gano yaran da ke buƙatar taimako a makaranta. Binet bai yarda cewa makin yaro hukunci ne na har abada ba. Da gwajin ya isa Amurka, Lewis Terman na Jami'ar Stanford ya sake masa fasali a 1916, daga 1921 kuma ya tattara yara kimanin 1,500 masu maki mafi yawa yana bin rayuwarsu. Cikin yaran da aka gwada aka ce ba su kai ba akwai William Shockley da Luis Alvarez. Dukansu biyu sun ci kyautar Nobel a kimiyyar fiziks, ɗaya a 1956, ɗaya a 1968. Cikin waɗanda aka zaɓa kuwa babu wanda ya ci ta. In gwaji zai iya kuskuren yaro da harshen uwarsa aka yi masa tambaya, a garin da ya tashi, yaya zai yi da wanda aka tambaya da harshen da bai taɓa ji a gidansu ba?

Masana sun kuma tabbatar cewa makin irin wannan gwaji yana hawa da yawan shekarun da yaro ya yi a makaranta. Ashe wani ɓangare na abin da ake aunawa makarantar ce da malaminta da littafinta. Yaron da ke zaune a ƙasa cikin ɗalibai sama da ɗari, malami ɗaya, ba a yi adalci ba in an jera makinsa da na ɗan Maitama a ma'auni guda aka ce ga mai baiwa, ga maras ita.

Ba ina cewa a watsar da gwaji ba ne. In aka bar zaɓe a hannunmu malamai kaɗai, ɗan mai unguwa da yaro mai ladabi da tsaftataccen yunifom su za mu riƙa miƙawa, mu manta da mai yawan tambayar da ke gundurar mu. A gundumar Broward ta jihar Florida an ga haka. Da can malamai da iyaye ke miƙa sunaye. A 2005 suka koma gwada duk ɗan aji biyu da gwajin siffofi wanda ba ya dogara da iya harshe, sai adadin 'ya'yan talakawa da baƙaƙen fata da masu jin Sifaniyanci da aka gano suna da baiwa ya yi tashin da ba a zata ba. Yaran suna nan tun da, nemansu ne ba a yi ba.

Wannan shi ne babban roƙona. A kai gwajin farko makarantun gwamnati, a yi wa kowane yaro tun yana aji huɗu, kyauta, ba fom ba intanet. Ya zama na siffofi da tsarin lambobi, a karanta umarninsa da Hausa ko Fulfulde ko Kanuri ko duk harshen da yaran wurin ke ji, a ba su misalai su gwada hannu kafin a fara. Farfesa Babs Fafunwa ya nuna tun a gwajin koyar da yara da Yarbanci da aka fara a Ife a 1970 cewa yaro ya fi fito da abin da ke kansa in da harshen gida aka bi da shi. Sannan a gwama yaro da tsaransa na ƙaramar hukumarsa. Waɗanda suka yi zarra a tara su a ba su horo na shekara guda ko biyu, musamman a Turanci, kafin su zauna jarrabawar NECO. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, da takwarorinta na jihohi suna da ma'aikata a kowace ƙaramar hukuma, ba sai an ƙirƙiri sabon ofis ba.

Kada a tsallake tsangaya. Almajirin da ya haddace Alƙur'ani yana ɗan shekara goma sha biyu, yana rarrabe ayoyi masu kama da juna ba ya ruɗewa, ya cancanci a zauna da alarammansa cikin mutunci a nemi izinin gwada shi, ba tare da an raba shi da allonsa ba.

Sai 'ya'ya mata. Ko an gano yarinya, uba a ƙauye zai yi wuya ya saki 'yar shekara goma sha ɗaya zuwa Suleja, kuma ban ga laifinsa ba. Makaranta guda ba za ta ɗauki haziƙan ƙasa mai jihohi 36 ba. Muna da abin koyi a gida. A 1977 tsohuwar Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, daga baya ta 'yan mata a Taura, tana tsamo ɗalibai da jarrabawa daga makarantun gwamnati na faɗin jihar. Yau ka shiga asibiti ko jami'a a Kano da Jigawa, da wuya ka rasa likita ko injiniyan da ya fito daga can, da yawansu 'ya'yan manoma. Jigawa ma ta kafa tata makarantar masu baiwa a Bamaina. Gwamnatin Tarayya ta tallafa wa irin waɗannan da malamai da kayan ɗakin gwaji, domin uwa ta iya zuwa ganin 'yarta ta dawo gida a yini ɗaya.

Abu biyu ne nake fatan ki fara da su, don ba sa buƙatar kasafi mai nauyi. Ki sa a wallafa, jiha-jiha, yawan yaran da suka zauna jarrabawar Suleja da waɗanda aka ɗauka, a nuna nawa ne daga makarantun gwamnati, nawa ne mata. Sannan ki zaɓi ƙananan hukumomi kaɗan a kowace shiyya a jarraba wannan gwaji na kowa da kowa a zangon karatu mai zuwa. Mu malaman karkara a shirye muke mu yi aikin sa ido da tattara takardu in aka kira mu.

Allah ya yi miki jagora, ya sa ki gama lafiya.

Naki cikin girmamawa,
Wani malamin firamare daga karkarar Arewa