Wane gwaji ne zai nuna abin da ke hana ɗana karatu?

Assalamu alaikum Malama. Ina gaishe ki da abokan aikinki na gidan rediyo, Allah ya ƙara basira. Ni uwa ce daga unguwar Zariya a nan Maraɗi, kuma a kan ɗana na biyu nake neman shawararki.

Shekararsa 15, yana ajin sankiyem, aji na biyu a CEG, wato ƙaramar sakandare, bayan ya maimaita aji tun a firamare. In ya buɗe littafi sai ya ɗora yatsa ƙarƙashin kalma yana harhaɗa baƙi ɗaya bayan ɗaya, kafin ya kai ƙarshen layi farkon ya ɓace masa. Har yau b da d suna rikita shi, haka p da q. Kalma guda sai ya rubuta ta iri uku a shafi ɗaya na kayensa, dikte kuwa kullum sifili. Amma ki karanta masa darasin tarihi da baki, gobe zai maido miki shi tsaf. A islamiyya ma haddarsa ta wuce ta sa'o'insa, sai dai in malam ya miƙa masa Alƙur'ani ya ce karanta, ɗigon ba da ta da sa su sarƙe masa. Wannan ne ya sa ban yarda Faransanci kaɗai ne matsalar ba.

Mushensu ya ce lalaci ne. Babansa ya ce a cire shi a kai shi kasuwa. Kakarsa ta sa an yi masa rubutu ya sha, Allah ya saka mata. An duba idonsa da kunnensa, lafiya lau.

Ƙanwata da ke aikin jinya a Yamai ce ta fara ambata mini disleksiya. Ta ce matsala ce ta yadda ƙwaƙwalwa ke haɗa baƙi da sautinsa, ba ta da alaƙa da daƙiƙanci, kuma tana bin dangi. Ta ce akwai irinta a lissafi da a rubutu, wani yaron kuma kasa tsai da hankali ne ke damunsa, shi ya sa ba a yanke hukunci sai an gwada. Yadda ta bayyana mini, sikolog, wato masanin halayyar ɗan Adam, shi ke auna basira da wani gwaji mai suna WISC, na yara daga shekara 6 zuwa 16, manya kuma nasu WAIS ne, daga 16 zuwa sama. Sannan ortofonist, mai gyaran magana da karatu, ya auna saurin karatun yaro, da rubutunsa, da yadda yake rarrabe sautukan kalma. Ana kuma tambayar iyaye tarihinsa, a duba bultan ɗinsa na baya.

To ga inda hankalina ya kasa kwanciya, Malama. A Amurka aka ƙirƙiro WISC da WAIS, aka mai da su Faransanci, aka daidaita makinsu da yaran Faransa waɗanda suka tashi da harshen tun a goye. Ɗana sai a CI, ajin farko na firamare, ya fara jin Faransanci, a aji na zana cike maƙil, littafi ɗaya yara da yawa. In aka tambaye shi ma'anar wata kalma ya kasa, ta yaya mai gwajin zai gane ko disleksiya ce, ko ƙarancin Faransanci, ko raunin koyarwar da ya samu? Tsorona kada mu kashe kuɗi a ba mu takarda mai hatimi da ke cewa yaron ba shi da basira, alhali na san yana da ita, takardar kuma ta bi shi har girmansa. Ƙanwata ta ce akwai gwajin Raven, na zane-zane, wanda ba ya bukatar harshe sosai. Shi kaɗai zai wadatar? Akwai masu yin wannan aiki da Hausa a ƙasarmu? Wasu sun ce in je Katsina ko Kano, amma can takardun gwajin da Ingilishi suke, shi kuwa bai iya ba.

Sai batun babansa. Da ya ji kalmar sikolog ya haɗe rai, ya ce shi ɗansa ba mahaukaci ba ne da za a kai shi Pabiyon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai. Da wane lafazi zan shawo kansa? Shi ma yaron ya fara fakewa da ciwon kai ranar dikte, kwanan nan kuma na ji yana ce wa ƙanensa shi jaki ne. Wallahi maganar nan ta hana ni barci.

Ina kuma son sanin amfanin takardar in an same ta. An ce a Faransa ana ƙara wa irin waɗannan ɗalibai kashi ɗaya bisa uku na lokacin jarrabawa. A nan ana yin haka a BEPC, jarrabawar kammala CEG? In ana yi, wa ake kai wa takardar, darakta ko ofishin ilimi na jiha? Shekara biyu suka rage masa.

Akwai kuma ƙanen mijina, ɗan shekara 32, mai sayar da kayan babur a babbar kasuwa. A CM2, ajin ƙarshe na firamare, ya bar lakwal. Lissafin sefa da naira a ka yake yinsa kafin wani ya ciro kalkuleta, amma a WhatsApp saƙon murya kawai yake turawa, rasit kuma sai yaron shagonsa ya karanta masa. Da ya ji muna zancen, sai ya kira ni gefe ya ce, "Yaya, ni ma za a iya gwada ni, ko na makara?" Ban san amsar da zan ba shi ba.

In a Maraɗi akwai inda ake yi, ki nuna mana ƙofar da za mu fara ƙwanƙwasawa. In kuma sai Yamai, a shirye nake in kai su duka biyun a hutun nan, amma ina so in san wane likita zan nema da abin da zan tafi da shi.

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Taki mai sauraro,
wata uwa daga Zariya, Maraɗi