Daga gardamar fim maigidana ya daina cin abincina

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Don Allah a sakaya sunana. Daga Jos nake rubuto miki, raina a jagule, domin tun daren Juma'a maigidana ya ɗauke mini wuta. Ko gaisuwata da ka yake amsawa, abinci kuma yadda na rufe shi haka nake ɗaukewa.

Mutane za su ce a kan fim ne. Shi ne ma ya kawo fim ɗin, ba ni na nema ba. Wajen masu tura fina-finai a Terminus ya sa aka zuba masa Game of Thrones, wanda aka fara a 2011 aka gama a 2019, zango 8. Muna kallo bayan isha idan yara sun yi barci, duk inda bai dace ba kuwa ni ce mai saurin wucewa da shi, kada wani ya ɗauke ni mara kamun kai.

To mun zo zango na 5, inda Jon Snow, shugaban masu gadin babbar Katangar ƙanƙara, ya ari jiragen ruwan Stannis mai neman sarauta ya je wani gari na bakin teku mai suna Hardhome don ya kwaso mutanen da ke bayan Katangar. Ana cikin lodi rundunar matattu ta auko, da dodannin da ke jagorantarta. Aka rufe ƙofa da dubban mutane a waje, jakar makaman da ke kashe dodannin ta ɓace a cikin bukkar da ke ci da wuta. Jon ya tarwatsa guda ɗaya da takobinsa, sannan suka ruga cikin kwalekwale. Suna kan ruwa sarkin dodannin ya ɗaga hannuwa, duk gawarwakin suka miƙe suka zama sojojinsa.

Sai maigida ya ce wannan shi ne namiji mai hankali, tunda duk wanda ya tsaya ya mutu ƙara wa abokin gaba soja ya yi. Har da karin magana, wai ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Anti, na san da wa yake. Kansa yake wankewa.

Na manta ban faɗa miki ba, mahaifinsu ya rasu ya bar rumfar dankalin Turawa a kasuwar Farin Gada da gida a Anguwan Rogo. Maigidana ne ya yi wa tsohon nan wahala, shi ke sammako cikin sanyin Jos yana tarbar motoci, hannuwansa duk sun faffashe. Wansa kuwa ko buhu bai taɓa ɗagawa ba. Ana gama sadakar arba'in ya canza kwaɗon rumfar, ya ce shi ne babba. Mutum ne mai baƙar zuciya, matarsa ta fi shi, a gidan suna ta wuce ni kamar ba ta taɓa ganina ba. Alhali a rabon gado ɗa namiji da ɗa namiji daidai suke, babu babba babu ƙarami. Kawunsu ya ce a je kotu, maigidana ya ce ya bar wa Allah. Yanzu keken wani yake ja, kullum sai ya kai balas kafin mu ga na cefane.

Shi ne na ce masa Jon da ya ja da baya ai bai dawo hannu rabbana ba, mutane ya ciko jirage da su, kuma shirin komawa ya tafi yi. Na ce kai me ka ɗauko mana? Iyakar abin da na faɗa ke nan, ban zage shi ba. Ƙaninsa yana zaune, gaskiya ne, amma ai ɗan gida ne, ya san komai. Ya ce na kira shi matsoraci a gaban yaro. Wallahi kalmar ba ta fito daga bakina ba.

Kuma ni ban ƙi hujjarsa gaba ɗaya ba. Ya ce in ya shiga kotu da wansa hawan jinin Hajiya mahaifiyarsu zai tashi, zumunci ya watse, lauya ya cinye rumfar. To Jon matattu ne a gabansa, ba a sulhu da su, ba a kai su ƙara. Shi kuwa ɗan'uwansa ne, akwai malamai, akwai mai unguwa, akwai alƙali. Kuɗin haya ya kusa, babbar 'yarmu an koro ta kan kuɗin makaranta, ɗan kunnena na sayar wancan zangon.

Yayata ta ce in tafi gida sai ya zo biko. Ni ba na son yaji, ina son mijina. Anti, ya halatta in je wajen Hajiya ko kawun nasu da kaina, ba da saninsa ba, in nemi a raba gadon nan? Haƙƙin 'ya'yana ne a ciki. In kuma ya ji ya ce na tona masa asiri ya miƙo mini takarda, ina zan nufa da yara uku?

'Yar'uwarki daga Jos.