Wasiƙa ga abokan cinikinmu kan bushin famfo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu Alhazai, 'yan'uwa masu noman rani, masu masana'antu, da makanikan da ke kula muku da injina, muna gaishe ku da fatan kowa yana lafiya tare da iyali. Mun rubuto ne a kan wani ɗan ƙarfe da ake iya rufewa cikin tafin hannu, amma shi ya fi komai kawo mana famfo a shagonmu na Garwa. Shi ne bushi, wanda masu jin Faransanci ke kira bag.

Bushi zobe ne mai ɗan tsawo da sandar famfo ke juyawa a cikinsa, aikinsa ya riƙe ta a tsakiya kada ta yi lilo. A yawancin famfunan da ake zurawa cikin rijiya ko a bakin kogi ba a sa masa giris, ruwan da famfon ke ja shi ne mansa. Famfon lantarki a nan Kamaru yana juyawa kusan sau 1450 ko 2900 a minti ɗaya, ratar da ke tsakanin sanda da sabon bushi kuwa ba ta kai rabin milimita ba. Abin da ke aiki a irin wannan matsi ba ya jure duka.

Amma duka ake masa. Bara wani dattijo mai gonar albasa ya kawo mana famfonsa sau uku a rani ɗaya. A zuwa na uku muka tambaye shi, "Baba, yaya ake saka bushin nan a gona?" Ya ce da guduma da guntun katako, kamar yadda kowa ke yi. Ba mu ga laifinsa ba, domin mu ne muka sayar masa da bushi tsirara ba tare da mun ba shi abin saka shi ba. Ana ƙera bushi ya ɗan fi ramin da zai shiga faɗi don ya kama sosai, kuma idan ya shiga, ramin cikinsa yakan ɗan tsuke. In an tura shi a hankali, yana tsukewa daidai ta ko'ina. In an buga shi, sai ya shiga a karkace, bakinsa ya lanƙwashe, ya riƙa cizon sanda ta gefe ɗaya har ya yi zafi. Na gawayin kabon ma tsagewa yake yi ta ciki, ido ba ya gani, sai famfo ya fara aiki ya farfashe.

Saboda haka muka canza yadda muke sayar da shi. Daga yanzu bushi zai zo muku a cikin gidansa, wato ƙarfen da ke riƙe shi a jikin famfo, mun riga mun matsa shi da injin matsi a shago, tare da rigar ƙarfe da ake zurawa a kan sanda a daidai wurin da take gogar bushin. Mun auna su biyun tare. Makanikinku zai kwance noti, ya zare tsohon gida, ya sa sabo, ya ɗaure, duka da sifana kawai. Rigar ce za ta riƙa cinyewa a maimakon sanda, ita kuwa canza ta bai kai kuɗin sabuwar sanda ba ko kusa. Ku dawo mana da tsohon gidan, za mu rage muku kuɗinsa.

Akwai famfunan da ƙirarsu ba ta karɓar wannan tsari. Masu irinsu za mu haɗa musu da dogon ƙarfe mai zare, da faifan ƙarfe biyu da noti, ana murɗawa bushin yana shiga a miƙe. In na tagulla ne, a kwantar da shi cikin firiza ya kwana, gidan kuma a shanya shi a rana. Sanyi na tsuke ƙarfe, zafi na buɗa shi, kuma ranar Garwa a watan Afrilu ta isa wannan aiki. In na roba ne, a shafa ruwan sabulu kafin a zura sanda, ban da baƙin mai, domin akwai robar da mai ke kumbura ta.

Babban abin da ke cinye bushi a wurinmu yashi ne. Idan Binuwai ya ja baya a watan Maris, ko kogin Logon ya ragu wajen Yagwa, bakin bututu yakan kusanci ƙasa ya riƙa zuƙar yashi, shi kuma ya shiga tsakanin sanda da bushi yana goge su dare da rana. Ku ɗaga bakin bututu daga ƙasa, ku sa masa rariya. Ga mai jan ruwan kogi muna ba da shawarar bushin roba mai kwarori a ciki, saboda yashi yana bin kwarorin ya fita tare da ruwa. Sai dai roba ba ta yafe aiki a bushe. In aka tayar da famfo babu ruwa a cikinsa, kafin a ankara ta ƙone. Don Allah a cika shi da ruwa tukuna.

Kowane bushi da ya fita daga hannunmu zai tafi da ɗan kati mai ɗauke da awon ratarsa da ranar da aka saka shi. Idan kun ji famfo yana karkarwa, ko ƙararsa ta canza, ko ruwa ya fara tsiyaya ta wuyan sanda, ku kashe wuta ku kama sandar ku girgiza. In tana motsi a hannu, ku kira mu mu auna. Da zarar ratar ta ninka ta farko, a canza kafin farfelar da ke tura ruwa a cikin famfo ta fara gogar bango.

Kayanmu daga Duwala suke zuwa, jirgin ƙasa ya sauke su a Ngaundere, sannan mota ta hauro da su, don haka ba rana ɗaya suke isowa ba. Muna roƙon na Marwa, Lagdo, Kuseri da na tsallake a Injamena ku ɗauki hoton allon da ke jikin famfonku mai lamba da ƙira, ku turo mana ta WhatsApp tun damina ba ta ɗauke ba, mu tanadar wa kowa nasa kafin a fara ban ruwa.

Allah ya sa albarka a sana'ar kowa, ya ba mu rani mai amfani.

Naku,
Ma'aikatan shagon gyaran famfo, Garwa