Ciwon gwiwa ba tsufa kaɗai ba ne: a gabatar mana da Helen Muir

Edita,

Assalamu alaikum, ina fata ana lafiya. Ina roƙon a ɗan ba ni fili, magana ce ta tsaya min a rai.

Hajiyarmu yau shekara huɗu kenan a kan kujera take sallah, in za ta miƙe sai ta dafa bango, gwiwar har ƙara take ƙas ƙas, kuma duk wanda ya zo dubiya maganarsa ɗaya ce, ai tsufa ne Hajiya sai haƙuri, wani ya ce sanyin ƙashi, wani ya kawo man zafi. Wallahi abin na damuna, don akwai wata mata da ta ƙarar da rayuwarta tana nuna cewa maganar ba haka take ba, amma ban taɓa ganin sunanta a jaridar Hausa ba.

Sunanta Helen Muir, an haife ta a Indiya a 1920, ta yi karatun kimiyyar sinadarai a Oxford, ta rasu a Ingila a 2005. Aikinta a kan guringuntsi ne, wannan farin abu mai santsi da muke gani a kan ƙashin kaza ko na rago, irinsa ne a gwiwarmu yake hana ƙasusuwa gogar juna. Ba shi da jijiyar jini, shi ya sa in ya lalace gyaruwarsa ke wuya, kuma mafi yawansa ruwa ne. To me ke riƙe ruwan? A 1972 ita da Tim Hardingham a Cibiyar Kennedy ta binciken cututtukan gaɓɓai a Landan suka gano cewa sinadaran da ke jan ruwan, wato furotiyoglaikan, jeruwa suke a jikin wani dogon zare mai suna hayaluronan kamar 'ya'yan carbi, su zama dunƙule babba da ba ya iya zamewa ya fita. Shi ya sa guringuntsi yake kamar soso, ka taka ya matse ka ɗaga ƙafa ya koma.

Abin da ya fi burge ni shi ne binciken da suka yi a kan karnuka masu raunin jijiyar gwiwa, suka ga tun kafin ido ya ga wata lalacewa guringuntsin ya fara kumbura da ruwa, ƙwayoyin cikinsa sun canza yadda suke aiki. Ashe ba sudewa ce kawai irin ta tayar mota ba, ciwo ne da ke da mafari da matakai, abin da ke da mafari kuwa ana iya neman tare shi. Ta shugabanci cibiyar daga 1977 zuwa 1990, kuma a 1977 ɗin aka zaɓe ta cikin Royal Society, ƙungiyar manyan masana kimiyya ta Birtaniya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ke fama da wannan amosanin gaɓɓai, mata sun fi yawa, gwiwa ce kan gaba. Ƙiba da tsohon rauni duk suna kawo shi, matashin da ya gurɗe a filin ƙwallo ya ƙi zuwa asibiti shi ma bai tsira ba.

Don Allah Edita a ware shafi ɗaya a kan wannan baiwar Allah, a gayyato likitan ƙashi da mai gashin ƙashi su yi mana bayani da Hausa, ni da kaina zan karanta wa Hajiya.

Naku,
Mai karatunku daga Zariya